Goggo da Cingam Mai Korar Barci

In kana neman wanda ya fi kowa tsanar cingam a duniyar nan, kada ka wahalar da kanka da yawo, zo in kai ka wajen Goggona. Ƙanwar babana ce, kuma ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu, saboda haka in na faɗi halinta ba ji na yi ba, gani na yi.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin shara a wata makarantar sakandare. Aji goma sha biyu, ofis uku, da babban ɗakin taro wanda a ciki ake zana jarrabawa. Shara ba ta taɓa damunta ba, goge tagogi ma haka. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne cingam ɗin da ɗalibai ke mannawa a ƙarƙashin tebur. Tana da wani tsohon cokali da ta kai wa maƙeri ya bubbuge bakinsa ya yi faɗi, ta zura masa igiya, kullum yana rataye a ƙugunta. Duk ranar Asabar sai ta kifa tebura ɗaya bayan ɗaya ta hau kankara tana mita. Daga nan ne yara suka laƙaba mata Mama Kankare, har malamai suka ɗauka.

Kuma fa ta san aikin. Za ta ce maka sabon cingam yana biyo cokali yana jan zare, sai an bar shi ya kwana. Tsoho kuwa daga gefe ake shigarsa, in ka tunkare shi ta tsakiya sai ka ɓantaro katako. In ta kama yaro yana tauna, ba ta duka, ba ta zagi. Tsayawa take ta dube shi, sannan ta ce, "Ka dai kula. Wanda duk ya haɗiye abin nan, hanjinsa ne zai manne wuri ɗaya." Ba don ta tsorata su kawai take faɗa ba, wallahi ita ma ta yarda da hakan har cikin ranta. Ni kaina sau ɗaya na taɓa shigo da cingam gidanta, na yi barci da shi a baki ya koma cikin gashina. Da almakashi aka raba mu. Na yi wata biyu ba na cire ɗankwali ko a ɗaka.

Akwai abu ɗaya da Goggo ba ta son a yi zancensa. Kowace safiya ma'aikatan makarantar kan sa hannu a wani dogon littafi da ke kan teburin akawu. Kowa ya ɗauki biro ya rubuta sunansa ya wuce. Ita kuwa sai akawu ya turo mata ɗan gwangwanin tawada, ta dangwala babban yatsa ta manna. Ba a sa ta makaranta ba tana ƙarama. Tawadar ta kama yatsan har sabulu ya daina fitar da ita, kullum shuɗi.

Da haka za ta yi ritaya, ba don jikarta ba. Yarinyar sunan Goggo aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Takwara. Tana shekara shida ta dawo daga makaranta da sabon littafi, ta ajiye a cinyar Goggo ta ce, "Kaka, karanta abin da na rubuta a bango."

Goggo ta juya littafin, ta yi dariya ta ce, "Ke tafi can, idona ba ya gani da rana."

"Sunanki ne fa, Kaka. Sunanmu."

Ina wurin. Na ga yadda dariyar ta tsaya mata. Ta daɗe tana kallon rubutun, ta shafa shi da yatsan nan mai shuɗi, sannan ta miƙa wa yarinyar ta ce ya yi kyau. Bayan Takwara ta fita sai ta ce mini, "'Yar nan, sunana ne aka sa mini a cinya ban gane shi ba. In na bar aikin nan ban taɓa rubuta shi a littafin akawu ba, ban yafe wa kaina ba." Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini.

Ajin manya kuwa a makarantar tasu ake yinsa, daga biyu da rabi na rana zuwa huɗu da rabi, bayan ɗalibai sun tashi. Wata matashiyar malama ce ke koyarwa, wadda a da ɗalibar makarantar ce, kuma Goggo ta rantse ta taɓa kankare cingam ɗinta a aji uku. Goggo ta shiga. Mijinta, Baba Direba, wanda ya ajiye tuƙi amma bai ajiye tsokana ba, ya saya mata jaka da biro uku ya ce, "Gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi."

Kan Goggo yana ja, babu laifi. Cikin wata huɗu ta iya rubuta sunanta, ta je wa akawu da murna ta ce a ba ta biro. Shi kuma mutum ne mai bin ƙa'ida kamar shi ya haife ta. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. A fayil ɗinki dangwale aka rubuta. In za a canza, sai kin kawo takardar shaida daga ajin manya." Ta ce to, za ta kawo.

Ashe babban abokin gabanta barci ne. Mace ce da ke tashi tun kafin asuba don ta gama shara kafin yara su iso. Da azahar ta wuce, in ta samu benci ta zauna, shi ke nan, an tafi. Malama za ta juya allo ta rubuta layi biyu, kafin ta waigo kan Goggo ya sunkuya. Ta gwada shayi, ya riƙa tura ta banɗaki sau uku kafin a tashi. Ta gwada wanke fuska. Ta sa maƙwabciyarta a benci ta riƙa mintsininta, har suka kusa ɓatawa don matar ta fara jin daɗin aikin. Ranar jarrabawa ta farko ta rubuta sunanta tsaf, ta amsa tambaya biyu, sai ta ce bari ta ɗan rufe ido ta tuno ta uku. Da aka tashe ta ana karɓar takardu ne, ga shatin biro a kumatunta.

Ta faɗi jarrabawar. Baba Direba ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarta, ya mayar ya rufe. Saura jarrabawa ɗaya kafin ƙarshen zango, kuma a ƙarshen zangon ne za ta yi ritaya. Sati shida ke nan kafin jarrabawar.

Ni a kantin magani nake aiki. A lokacin an kawo mana wani cingam mai ɗauke da sinadarin nan na cikin kofi, mai korar barci. 'Yan jami'a da direbobin doguwar hanya ne ke yawan saye. Na san abin da zai biyo baya, amma na ɗauki fakiti ɗaya na nufi gidan Goggo, na ajiye mata a kan tabarma.

Ta dube shi kamar na ajiye mata kunama. "Mene ne wannan?"

"Magani ne, Goggo. Na barci."

"Ni za ki yi wa wayo? Shekara talatin ina kankare abu, don an sauya masa riga sai in kasa gane shi? Ɗauke mini shi daga gida."

"Goggo, ki dai saurare ni. Ba irin na yara ba ne."

"Duk uwarsu ɗaya. Ni da furfurata in zauna ina taƙas-taƙas da baki kamar akuya? A makarantar da ake ce mini Mama Kankare? Allah ya kiyaye!"

Raina ya ɓaci, don ni ma ba haƙuri ne ya ishe ni ba, kuma a wajenta na gado. Na ce, "To ki zauna da mutuncinki da shuɗin yatsanki." Na ɗauki abina na fita. Ban kai bakin titi ba na fara nadama, don maganar ta yi nauyi.

Kwana biyu ba mu yi magana ba. Rana ta uku ina jera kwalaye a kanti sai ga ta, ta yafa babban mayafi kamar mai zuwa gaisuwa. Ta ce man zafi take so. Na ba ta. Ta juya kwalbar, ta tambayi ko yana da ƙarfi, ta tambayi lafiyar mai kanti, ta jira wani mutum ya gama sayayya ya fita. Sannan ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, "Abin nan na rannan. Ki naɗe mini a baƙar leda."

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Na danne dariyata da ƙyar. Na zaunar da ita na auna jininta, na kira mai kanti, wanda shi ne masanin magunguna, ya yi mata tambayoyi. Ya ce ƙwaya ɗaya ta ishe ta a rana, kuma kada ta taɓa shi bayan la'asar. Ta ce ta ji.

Ba ta ji ba. Washegari ta dubi ƙanƙantar abin ta ce ɗaya me zai yi wa babban mutum, ta jefa biyu. Malama ta ba ni labari daga baya tana riƙe ciki don dariya. Ta ce a ranar nan, Goggo ta amsa tambayarta, ta amsa ta maƙwabciyarta, ta amsa wadda ba a gama yi ba, sannan ta tashi ta goge allo tun ba a gama kwafa ba. Ta koma gida ta sauke labule ta wanke, ta kwashe kayan Baba Direba da aka goge ta sake jiƙa su. Da safe sai ga Baba a kantinmu da riga mai danshi.

"'Yar nan, tsakaninki da Allah, me kika ba matata?"

"Me ya faru, Baba?"

"Me ya faru? Ni kaɗai ne ba a wanke ba a gidan, shi ma don na gudu ne."

Daga ranar ta koma ƙwaya ɗaya. Sai ta ƙirƙiro salon taunarta. Takan jefa shi a baki a bayan ɗakin ajiye tsintsiya, ta ja mayafi ta rufe haɓa, ta riƙa tauna a hankali da haƙoran gefe kamar mai ciwon haƙori. In an tashi aji sai ta ciro 'yar takarda daga jaka ta naɗe shi, ta kai shi har gida ta jefa a kwandon shara. Sati biyar babu wanda ya kama ta. Barci bai gudu gaba ɗaya ba, amma ya daina kayar da ita, karatu kuma ya zauna.

Ranar jarrabawa ta faɗo Juma'a, ƙarfe uku na rana, a babban ɗakin taro. Ita da kanta ta share ɗakin da safe, ta bi tebur sittin ɗin nan da cokalinta ta tabbatar babu ko ɗigo. Abin da ya faru a ciki ita ta ba ni labari da bakinta.

Ta jefa cingam ɗinta kamar kullum ta shiga layi. A bakin ƙofa aka ce kowa ya ajiye jaka, biro kawai za a shiga da shi. Ta ajiye, ba ta kawo komai a ranta ba. Aka ba ta tebur na goma sha bakwai. Mai sa ido ba Malama ba ce, wani baƙo ne aka turo daga ofishin ilimi, dogo mai tabarau, fuskarsa babu alamar wasa. Ya raba takardu, ya tsaya a gaba ya ce, "Ba a ci, ba a sha, ba a tauna komai a ɗakin jarrabawa. Wanda na kama da abu a baki zan karɓe takardarsa." Sai ya fara bin layi yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Goggo ta ce nan take ta fara lissafin yadda za ta yi da na bakinta. Ta haɗiye? Ina! Hanjinta ya manne tana tsakiyar rubutu? Ta tofar a ƙasa, ƙasan da ta goge da hannunta? Takardar naɗewa tana cikin jaka a waje. Takarda ɗaya ce a gabanta, ita ce ta jarrabawa. In ta sa a bakin mayafi, mutumin zai ga hannunta ya tashi da ƙyalle, ya ce satar amsa ce. Ga shi ya wuce tebur na goma sha biyu, ya wuce na goma sha uku.

"'Yar nan," ta ce mini, "ban san lokacin da hannuna ya yi abin ba. Na yi kamar zan yi tari, na karɓe shi a tafin hannu. Hannun nan da kansa ya sauka, ya laluba ƙarƙashin tebur, ya sami lungun nan na kusa da ƙafa, inda suka fi mannawa. Na danna shi da wannan yatsan."

Ta ɗaga mini babban yatsan mai shuɗi. Ni kuwa tuni na zame daga kujera, dariya har da hawaye. Na ce, "Goggo! Mama Kankare da kanta?"

"Ki yi dariya, ranarki ce. Mutumin ya zo ya dube ni ya wuce. Amma in gaya miki, cingam ɗin nan ko minti biyar ban tauna ba. Ba shi ya hana ni barci ba. Kunya ce. Awa biyu ina jin sa a ƙarƙashin tebur kamar yana kallona. Ko lumshe ido ban yi ba, na amsa tambayoyin nan tas, har na koma na sake dubawa."

Da aka tashi ta laɓe a baranda tana jira kowa ya watse ta koma ta cire abinta. Sai baƙon nan ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu, ya ce sai Litinin za a mayar wa makaranta. Kwana biyu Goggo ba ta da sukuni. Baba Direba da ya ji labari ya samu abin yi. In ta wuce sai ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa ya ce yana dubawa ne kawai, don yanzu ba a san na yarda ba.

Litinin ana buɗe ɗakin ta nufi tebur na goma sha bakwai ta kifa shi. Yana nan, ya bushe, ya yi taurin kai kamar na kowa, ga shatin yatsanta a jiki ɓaro-ɓaro. Ta ce ta daɗe a durƙushe da cokali a hannu. Shekara talatin da ɗaya tana cewa yaran nan ba su da tarbiyya. Sai a ranar ta gane yawancinsu malami ne ya shigo ba zato, abu yana baki, babu wurin sawa. Ta ce, "Laifi tudu ne, 'yar nan. Na taka nawa ina hango na 'ya'yan mutane."

A satin ta tattaro gwangwanayen madara goma sha biyu ta wanke, ta yayyanka tsofaffin takardu ƙanana ta cika su, ta ajiye ɗaya a tagar kowane aji. A jikin kowane gwangwani ta manna rubutu da hannunta, manyan baƙaƙe masu ɗan karkata: NAƊE CINGAM A NAN. Shugaban makaranta ya ce ai wannan kamar ba su izini ne. Ta ce masa, "Ranka ya daɗe, shekara talatin muna hanawa, ka taɓa ganin na huta?" Ba zan yi ƙarya in ce cingam ya ƙare a ƙarƙashin tebura ba. Raguwa dai ya yi, sosai kuwa.

Sakamako ya yi ta jan ƙafa har muka fara fid da rai. Sai da ya rage kwana biyar ta bar aiki Malama ta zo har gida da takardar shaidar a hannu, tana haki don sauri. Goggo ta ci. Ta karɓa ta karanta sunanta da kanta, a fili, sau biyu. Sannan ta ce mini, "Gobe ki nemi izini a kanti, ki zo ki raka ni."

Da safe muka tarar da layi a ofishin akawu, malamai kowa na sauri. Da aka zo kanta, akawu ko ɗaga kai bai yi ba, ya turo gwangwanin tawada kamar yadda ya saba. Goggo ta sa yatsa ɗaya ta mayar masa, ta ajiye takardar shaida a kai. Ya karanta, ya cire tabarau, ya miƙe tsaye. Biron aljihunsa ya ciro ya ba ta da hannu biyu.

Ta daɗe tana rubutawa. Harafi ɗaya, ta numfasa, sannan na gaba, harshenta a gefen baki kamar na Takwara. An kaɗa ƙararrawar shiga aji, amma babu malamin da ya motsa daga layin, babu wanda ya ce ta yi sauri. Da ta ɗiga aya a ƙarshe sai ofishin ya ɗauki tafi. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba, har ta juyo ta ce in rufe mata baki kada in ba ta kunya.

Sau biyar kacal ta sa hannu a littafin nan. Akwai dangwale na shekara talatin da ɗaya a baya, sai layi biyar na rubutu a shafin ƙarshe. Ranar da ta bar aiki ta ba wadda ta gaje ta cokalin, ta koya mata shiga ta gefe. Ragowar cingam ɗin kuwa ta dawo mini da shi kanti a baƙar ledarsa, ta ce ta gode, amma har yanzu ba ta son sa.

Bayan kamar wata ɗaya na je gaishe ta. Na same ta a tsakar gida ita da Takwara, kowa da littafinta, suna gardamar wadda ta fi iya rubuta sunan. Da ta gan ni sai ta ajiye biro ta ce in matso. Ta ɗaga babban yatsanta a rana tana jujjuya shi. Tawadar ta fita tas.

"Kin gan shi?" ta ce. "Ashe haka launinsa yake."